Minti 15 a ɗakin wasanni

Tun watan Yuni gidanmu bai ƙara yin shiru ba. Babbar 'yata tana aji biyu na babbar sakandare a nan Nagoya, kuma tun bara ta shiga kulob ɗin kiɗa da ake kira keionbu. Jitar bas take kaɗawa, mai tsirkiya huɗu, wadda sautinta ke ratsa bango har ɗakin girki. Bana ƙungiyarsu ta 'yan mata huɗu ta samu gurbi a bunkasai, bikin da makarantun Japan ke yi sau ɗaya a shekara, yawanci tsakanin Satumba da Nuwamba. Minti 15 aka ba su, har da hawa dandamali da jona wayoyi da sauka. Waƙa uku ke nan, in ba a yi nawa ba.

A bunkasai ɗalibai ne ke riƙe da komai. Wannan aji ya mayar da ɗakinsa gidan fatalwa, wancan yana soya taliyar da ake kira yakisoba a tsakar gida, wani yana wasan kwaikwayo. Iyaye na zuwa, ƙanne na zuwa, haka ma 'yan ƙaramar sakandare masu sha'awar shiga makarantar baɗi. Ƙofar ɗakin wasanni a buɗe take, mutum zai leƙo, in kiɗa bai kama shi nan take ba ya yi gaba. Shi ya sa kalma ɗaya ce a bakin yaran: moriagaru, wato wuri ya ɗau zafi, kowa ya miƙe.

Jerin farko da ta kawo gida waƙoƙi 11 ne, a samansu akwai "Yoru ni Kakeru" ta mawaƙan YOASOBI, wadda ta fito a 2019 ta game ƙasar nan. Kiɗanta mai sauri ne, ƙafa ba ta iya zama. Na ce ta ba ni baitocin in karanta. Waƙar an gina ta ne a kan wani gajeren labari, kuma labarin na mutum biyu ne da suka zaɓi mutuwa daga saman bene.

"Uwata, kin karanta abin da waƙar nan ke faɗa?"

"Baba, kowa ya san ta. Ba wanda ke bin kalmomin."

"To ni na bi."

Ban hana ba, domin ba ƙungiyata ba ce. Amma na gaya mata abin da ke raina. Kowace shekara in hutun bazara ya zo ƙarewa, jaridu da talabijin a ƙasar nan sai sun yi ta jan hankalin iyaye kan yaran da komawa makaranta ke yi wa nauyi har su yanke ƙauna. A cikin ɗaliban da za su cika ɗakin nan, ba ka san wa ke ɗauke da me ba. Waƙoƙin Japan da yawa haka suke, kiɗa na rawa, magana ta kuka, kuma ba na ganin laifin mawaƙan. Sai dai wanda zai tsaya gaban 'yan shekara 16 ya rera, ya kamata ya san abin da ke fita daga bakinsa. Ta yi shiru, ta shige ɗaki. Ban ji daɗin fuskarta a daren ba.

Abin da ya cire waƙar daga jerin ma ba maganata ba ce. Fiyano ne ƙashin bayanta, su kuwa ba su da mai fiyano. Muryar tana hawa sama ƙwarai, baitocin na bin juna ba wurin numfashi. Mai gangarsu kuma bara a watan Afrilu ta fara riƙe sanda. Sau biyu suka gwada a ɗakin atisayen da suke haya na awa-awa kusa da tashar jirgin ƙasa, suka dawo jiki a sanyaye.

Wata 'yar aji uku ce, senpai ɗinsu, wato ta gaba da su a kulob, ta warware musu. Tana dab da ajiye kulob don ta fuskanci jarrabawar shiga jami'a ta watan Janairu, ta riga ta hau dandamalin nan sau biyu. Ta ce su bar duba waƙar da suka fi so, su duba wadda mai ganga za ta iya kaɗawa kanta a ɗage, tana kallon jama'a. Daidai ruwa daidai tsaki. Ta ƙara da cewa su sa aƙalla guda ɗaya da malamai da iyaye suka sani.

Nan "Chiisana Koi no Uta" ta shigo. Ta MONGOL800 ce, samari uku daga Okinawa da suka haɗu tun suna sakandare, ta fito a kundinsu na 2001. Ta girmi 'yata da shekaru, amma da wuya ka je bunkasai ba ka ji wata ƙungiya ta taɓa ta ba. Dalilin a fili yake: jita, bas, ganga, shi ke nan, daidai kayan da yara ke da su, kuma yatsun sabon shiga na iya bin ta. Da yake muryar maza ce, sai da suka ɗaga ta kaɗan don ta zauna a maƙogwaron mai rera musu. Ta biyu "Natsu Matsuri", a sigar da 'yan matan Whiteberry na Hokkaido suka yi a 2000. An ɗan yi gardama, wai waƙar bikin bazara ce su kuma a Oktoba za su hau, amma muryar ta dace, aka bar ta.

Ta ukun ce na fi so, "Linda Linda" ta The Blue Hearts, 1987. Amshinta suna ɗaya ne ake ta maimaitawa, ko ba ka jin Japananci za ka kama shi a zagaye na farko. Ni da na tashi a Katsina na san waƙa ba ta tsayuwa sai da 'yan amshi, mawaƙi ya jefa, su cafe. Abin da yaran ke nema da moriagaru ɗin nan, shi ne dai: a mayar da 'yan kallo 'yan amshi. Da na faɗa wa 'yata haka ta yi murmushi, karo na farko tun maganarmu ta daren nan.

Na tambayi malamin da ke kula da kulob ɗin ko sai an biya kuɗin haƙƙin mallaka. Ya ce sashe na 38 na dokar haƙƙin mallaka ta Japan ya yarda a yi wasa ba izini, muddin ba don riba ba ne, ba a karɓi kuɗin shiga ba, ba a kuma biya masu wasan ba. Ɗora bidiyo a intanet kuwa magana ce daban, kuma makarantar ta roƙi iyaye kada su yi, saboda fuskokin yara.

Ranar Asabar muka je, ni da mahaifiyarta da ƙanenta. Muka cire takalma a ƙofa muka sa silifas, muka tsaya can baya jikin bango. Waƙar farko sun ɗauke ta da gudu fiye da yadda suka saba, tsoro ne. Na ga 'yata ta juya ta fuskanci mai ganga, tana gyaɗa mata kai a kan kowane bugu, har kiɗan ya dawo hanya. Ta biyu ta wuce lafiya. Da aka shiga ta uku, 'yan gaba suka fara tsalle, katakon ƙasa na motsi har inda muke. Kusa da ni akwai wani malami mai furfura da tarin takardu a hammata. Bai motsa ba, amma bakinsa na bin baitocin daga farko har ƙarshe, bai rasa ko ɗaya ba.

Bayan sun sauka, mahaifiyar mai ganga ta neme mu a cikin cunkoso. Ta sunkuya ta gaishe mu, muka sunkuya, ta ce 'yarta ta kwana biyu ba ta iya cin abinci sosai ba don fargaba. Da daddare 'yata ta zo ta nuna mini yatsunta biyu na dama, duk sun yi bororo, ta ce in samo mata filasta kafin Litinin, akwai atisaye.