Tafiyata Sakkwato neman ƙarin girma a alƙalancin ƙwallo

Na dawo Tambuwal daga birnin Sakkwato a ƙarshen makon jiya, bayan jarrabawar hawa daga mataki na uku zuwa mataki na biyu a alƙalancin wasan ƙwallon ƙafa, kuma har yanzu cinyoyina ba su daina tsami ba. Hanyar zuwa ba ta da wani labari. Motar haya ta bi da mu ta Shagari da Boɗinga, muka shiga gari kafin rana ta take.

Abin da aka fara nema shi ne takardar shaidar lafiya, domin ba a barin mutum ya yi gwajin gudu sai an auna jininsa da bugun zuciyarsa. A asibitin da aka kwatanta mini na tarar da wani ma'aikaci a bakin taga, idonsa a kan waya, na yi sallama ya amsa da hanci. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, busa usur ɗin ma sai da takardar likita? Ka komo gobe." Na ce masa daga nesa nake, ya ce ba shi ya aiko ni ba. Wata ma'aikaciyar jinya da ta ji mu ce ta karɓi katin, aka gama komai kafin azahar. A wurinmu ko mutum zai hana ka abu, sai ya tambaye ka mutanen gida tukuna.

Daga nan na hau kabu-kabu zuwa babbar kasuwa neman sabon usur, saboda nawa mai ƙwallo ne a ciki, irin wanda yake shaƙewa idan yawu ko ƙura sun shige shi. Kowane mai shago ya rantse nasa Fox 40 ne na asali, wato usur ɗin nan marar ƙwallo da aka ƙera a Kanada, amma da ka busa sai ka ji bambanci. Wanda na tsaya a wurinsa ya sa kuɗin da ya kai ladan alƙalancin wasa uku a gida. Na taya rabi, ya ce albarka, na juya, ya kira ni. A ƙarshe ya sallama, ya haɗa mini da jan kati da rawaya. Idan aka lissafa usur da riga da takalmi da kuɗin rajista da na mota da na asibiti, za a ga cewa ƙaramin alƙalin wasa shi yake ciyar da sana'ar, ba ita take ciyar da shi ba. Masu shirya gasar unguwa su kashe kuɗi a kan kofi da lasifika da masu kiɗa, amma idan aka zo kan rafali sai a ce ya yi don Allah.

Masaukina a Mabera yake, gidan wani dattijo da ya yi alƙalancin wasa a zamaninsa, abokin kawuna. Ya hana ni zancen ɗakin haya, ya sa aka kawo tuwon shinkafa da fura mai sanyi, sannan ya baje ni a tabarma ya fara yi mini tambayoyi. Ya ce, "Ɗana, dokokin nan 17 ne tun muna yara, amma cikinsu kullum sauyawa yake yi, kuma ku na ƙauye kuna nan kuna busa abin da aka soke." Na ce, "Baba, ai 'yan kallo ne ba su yarda da sabon abu." Gaskiyarsa ne kuwa. Tun 2016 aka halatta a take ƙwallon farko ta kowace fuska, kuma tun 2019 ba dole ba ne bugun gola ya fita daga yadi na 18 kafin ɗan wasansa ya taɓa, amma a filinmu idan ka bar hakan ya wuce sai an yi maka ihu cewa ba ka san aiki ba. Dattijon ya kuma koya mini abin da babu wanda ya taɓa zaunar da ni a kansa, wato rubuta rahoton wasa: minti nawa, lamba nawa, wane laifi, ƙarƙashin wace doka, ba tare da ƙarin gishiri ko huce haushi ba. Ya ce da yawa sun iya busa, alƙalami ne ya tsayar da su a mataki ɗaya har suka tsufa.

An yi gwajin gudu a filin wasa na Giginya bayan sallar asuba, domin a bazara zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma babu mai hankalin da zai sa mutane tsere da rana. Tsarin irin na FIFA ne. Da farko gudun mita 40 sau shida, kowanne cikin daƙiƙa shida da 'yan kai. Bayan an ɗan huta sai babban, inda za ka ruga mita 75, ka taka mita 25, ka sake rugawa da jin usur, har sau 40, jimla mita 4,000. Wanda ya makara sau ɗaya gargaɗi ne, na biyu kuwa a fitar da shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ƙarti masu ƙirji ne suka kai labari ba. Wani da ya cika mu da surutu a kan wasannin da ya busa ya zube tun kafin a yi rabi, wani siririn malamin firamare kuwa ya gama yana murmushi. Ni dai gudun da nake yi cikin rairayi a bayan gari ne ya cece ni.

Jarrabawar rubutu da Turanci ake yin ta, kuma a ganina wannan yana kayar da mutanen da suka fi wasu sanin ƙwallo. Tambayoyin sun fi yawa a kan satar gida da taɓa ƙwallo da hannu. An kuma tambayi sabuwar dokar da hukumar IFAB, mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ta kawo a 2025, cewa gola ba zai riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa takwas ba, alƙali ya ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe, idan ya wuce a ba abokan hamayya bugun kusurwa.

Daga bisani aka ba ni wasan matasa, mai sa ido yana gefe da takardarsa yana duba inda nake tsayawa da yadda nake haɗa ido da mataimakana. 'Yan kallon birni sun fi namu zagi, amma busa a gabansu ta fi sauƙi, domin ba su san gidan ubanka ba. A gida kuwa, inda da toka muke shata layi, wanda za ka ba jan kati ƙanen matarka ne, mai ƙungiyar kuma shi ke ba ka bashin hatsi.

Mai sa idon ya ce in rage gudu a tsakiyar fili, in riƙa bin fili daga kusurwa zuwa kusurwa. Sunana ya fito cikin waɗanda suka haye. Baba ya raka ni tasha, ya ƙi karɓar ko goro, kuɗin mota kuma ya ƙaru a kan na zuwa ba tare da wani bayani ba.