Ziyarar filin dagar Verdun

Daga Paris muka hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya, cikin kamar awa guda ya sauke mu a tashar Meuse, a tsakiyar gonaki. Bas ce ta ƙarasa da mu Verdun. Garin kansa bai ja hankalina ba, abin da ya kawo mu yana can bisa tuddai.

A nan Faransa da Jamus suka gwabza a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 21 ga Fabrairu zuwa 18 ga Disamba, 1916, mutum wajen 300,000 suka halaka. Yau daji ya rufe wurin, amma ƙasar ta ƙi miƙewa. Duk inda ka waiga ramuka ne da tudu-tudu, kamar gonar doyar da aka tone, kuma har gobe ana tsintar harsasan igwa da ba su fashe ba. A ƙauyen Fleury ko bango ɗaya bai tsira ba, sai 'yan alamomi a bakin turba: nan makaranta take, nan gidan burodi. Babu mazauni ko ɗaya, amma ana naɗa masa magajin gari.

A Douaumont na fi daɗewa. A can akwai wani dogon gini inda aka tara ƙasusuwan sojoji kimanin 130,000 da ba a gane ko su wane ne ba, Faransawa da Jamusawa a cakuɗe. Ta bayansa akwai ƙananan tagogi dab da ƙasa. Na tsuguna na leƙa, sai ga ƙoƙunan kai da ƙasusuwan cinya jibge. Ga wanda ya tashi inda ake gaggauta suturta mamaci, kallon nan da nauyi yake. Ban ɗauki hoto ba.

A maƙabartar da ke gabansa, mai kaburbura sama da 16,000, an ware 592 na Musulmi, suna fuskantar alƙibla, kowanne da rubutun Larabci. Waɗanda Faransa ke kira sojojin Senegal daga sassa daban-daban na Afirka ta Yamma aka kwaso su, da yawa bisa tilas, kuma suna cikin waɗanda suka ƙwato sansanin Douaumont daga hannun Jamusawa ranar 24 ga Oktoba, 1916. Amma sai a 2006 Shugaba Jacques Chirac ya buɗe ƙubbar tunawa da sojoji Musulmi, bayan shekara 90. A ganina an makara ƙwarai.

Muka yi musu addu'a, yayyafi da sanyi suka koro mu mota. Mai niyyar zuwa ya tanadi rigar sanyi da abin hawa, don wuraren a warwatse suke, ƙafa ba za ta kai ba.