Matuƙan Delta a Atlanta

Yau na tuno farkon 2006, ina karatu a birnin Atlanta na Amurka. Na je filin jirgi tarbar ɗan'uwana, sai ga matuƙan kamfanin jiragen sama na Delta cikin kakinsu, riƙe da kwalaye, suna tafiya a jere ba hayaniya. A 2004 sun yarda aka zaftare kashi 32.5 na albashinsu don ceto kamfanin, amma a Satumbar 2005 sai da ya durƙushe, aka sake dawo musu da maganar ragi. Ƙungiyarsu ALPA ta yi barazanar yajin aiki, daga baya ta karɓi ragin kashi 14, fanshonsu kuma ya koma hannun hukumar gwamnati. Wallahi abin ya taɓa ni. Akwai wani dattijo mai furfura a layin, har yau ina ganin fuskarsa.