Ruwan da na riƙa bai wa zogalena ne ya kashe shi

Har yau in na tuna zogalen nan sai raina ya ɓaci. A watan Afrilu na shuka shi a babbar tukunya a bayan gidanmu a Greensboro, jihar Carolina ta Arewa a Amurka, kafin Satumba ya fi ni tsayi. Mun ci kwaɗonsa da ƙuli har mun aika wa maƙwabta.

Zogale ba ya jure raɓar da ke daskarewa, a nan kuwa daga ƙarshen Oktoba ake fara sa ran ta. Gidajen wannan yanki da yawa akwai kogo tsakanin daɓe da ƙasa, inda bututun ruwa ke bi, ba a shiga sai da rarrafe. Na datse zogalen ya rage kamar kamu biyu, na datse attaruhu tukunya 3, na tura su ciki, na rufe ƙananan tagogin iska. Ma'aunin da na rataya bai taɓa sauka ƙasa da maki 7 na Salshiyas ba, ko a daren da ruwan bokiti ya zama dutse a waje. Wurin bai yi mini laifin komai ba.

Ni ne na yi ɓarnar. Duk Juma'a in na dawo daga masallaci sai in ɗauki buta da tocila in rarrafa in ba su ruwa, wai tausayi nake ji. Uwargida ta ce, "Maigida, itacen da ba ganye a kansa, ina zai kai ruwan nan?" Na ce ta bar ni. Ashe ita ce da gaskiya. Ganye ne ke jan ruwa, in babu shi kuma ga sanyi ga duhu, ruwan kwanciya yake yi a gindin tukunya har saiwa ta ruɓe. Ni da na tashi ina ganin zogale a tsaye duk rani ba mai ba shi ko ɗigo!

A watan Maris na jawo tukunyar waje. Ina taɓa kututturen ya lotse a hannuna. Saiwar nan mai kauri kamar rogo ta narke, sai wari. Attaruhu biyu ma sun bi shi. Wanda ya tsira shi ne na can lungu, wanda bututu ya tare ni hannuna ba ya kaiwa. Ƙasarsa ta bushe har ta janye daga jikin tukunya, amma da na kankare ɓawon da farce sai ga kore shar. Ya riga sababbin shuka yin 'ya'ya da makonni.

Bana da na sake ajiye tukwane a kogon, sau ɗaya a wata nake shiga, in cusa yatsa cikin ƙasar har ƙarshe. In na ji danshi ko kaɗan, baya nake ja. Ruwan ma kofin shayi ɗaya ne, butar kuwa na daina shiga da ita.