Wata bakwai ina gyaran jimla, ashe ba can ciwon yake ba

Jiya na kwashe kayana daga ofis. A ƙasan durowa na tarar da littattafan rubutu guda huɗu masu kaurin bango, duk cike da ƙa'idojin nahawun Turanci da na kwafa da hannuna a 2023. Na buɗe na farko, na ga ranar da na rubuta a saman shafi, wata Asabar a watan Janairu, sai raina ya sake ɓaci kamar yau abin ya faru. Abokan aiki da dama masu neman MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, a waje sun sha tambayata yadda na yi da GMAT, jarrabawar da makarantun kasuwanci da yawa ke nema kafin su ɗauki ɗalibi, kuma na yi musu alkawarin rubutawa kafin in tafi. To ga shi, amma labarin ba zai faɗu ba sai da malamin da na fara shirin jarrabawar a wurinsa a ciki.

Wani aboki ne ya haɗa ni da wata cibiyar koyar da shirin GMAT, a saman wani bene a Wuse 2, Abuja. Mu goma sha ɗaya ne a ajin, ni kaɗai ne Bahaushe. Ranar farko malamin ya ce kowa ya tashi ya faɗi sunansa da wurin aikinsa da makin da yake nema. Ina cikin magana na zo kan kalmar Turanci mai nufin mutane, harshena ya fitar da "fiful". Ya tsayar da ni ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya juya ga 'yan aji yana murmushi, ya ce: "Kun ji ko? Malam, kai ba sai na gwada ka ba. Ku 'yan Arewa matsalarku nahawu ce. Ajiye sauran sassan, ka zauna a kan gyaran jimla." Ya furta "Malam" ɗin da irin muryar da ake kiran mai gadi ko mai yankan farce da ita, wadda duk Bahaushen da ya zauna a Abuja ya san ta.

Bai ba ni gwaji ko ɗaya ba. Jarrabawa ce da ake yi shiru a gaban kwamfuta, babu mai jin lafazin kowa, amma da lafazina ya yanke mini hukunci. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na yarda. Sakandaren gwamnati na yi a Jos, na yi digiri a fannin akanta, na shekara shida ina rubuta rahotannin da manya ke sa wa hannu ba tare da sun gyara ba. Duk da haka mutum ɗaya ya taɓa wurin da na daɗe ina jin kunyarsa, sai na miƙa masa wuya.

A lokacin tsohon tsarin jarrabawar ake yi, wanda makinsa ke tashi daga 200 zuwa 800. Sashen Turanci tambayoyi 36 ne cikin minti 65, kuma iri uku ne a gauraye: gyaran jimla, fahimtar karatu, da tantance hujja. Gyaran jimla wajen kashi ɗaya ne cikin uku. A kan wannan kashi ɗayan na zuba wata bakwai. Ina fita daga Kubwa bayan sallar asuba, ina haddar ƙa'idoji a cikin cunkoson motoci, in dawo da dare in kwafi wasu. Asabar kuma aji, daga tara zuwa azahar. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu kuɗin mota ya yi tsalle, na rage cefanen gida don kada in fasa zuwa. Matata ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke damuna.

Gaskiyar magana, nahawun bai taɓa yi mini wuya ba, kuma da na tsaya na yi tunani da na gane tun a wata na biyu. Yawancin abin da sashen ke gwadawa mun san shi ta wata ƙofar. Duk wanda ya yi nahawun Larabci a Islamiyya ya san dole lamiri ya koma ga suna ɗaya sananne. Idan na ce "Musa ya gaya wa Audu cewa motarsa ta lalace", yaro ma zai tambaya: motar wa? Bahaushe da ke bambanta "ya" da "ta" da "sun" a kowace jimla ba baƙo ba ne ga daidaita aikatau da mai aikatawa. Sai jera abubuwa a siga ɗaya, sai kwatanta abu da irinsa. Mako uku sun ishe ni. Ina samun tara cikin goma a atisayen aji, malamin yana cewa tambayoyin ne masu sauƙi, in ƙara himma.

A watan Agusta na je Zone 4 wajen 'yan canji na sayi dala da tsada, bayan Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a watan Yuni, na biya kuɗin jarrabawa. Ranar da na zauna, tambayoyin gyaran jimla na wuce su kamar ruwa. Da tambayar hujja ta fito sai in tsaya in karanta sau uku, in ga amsoshi biyu ko uku duk suna kama da gaskiya. A tsohon tsari ba a tsallake tambaya, ba a kuma komawa baya. Minti uku, minti huɗu a kan tambaya ɗaya, alhali rabon kowace bai kai minti biyu ba. Biyar na ƙarshe canka kawai na yi. Allon ya nuna 580. Na fito na zauna a bakin titi na fi rabin awa ban kira kowa ba.

Na ƙara kuɗi na sayi cikakken rahoton da ke rarraba sakamako. Gyaran jimla a sama, fahimtar karatu a tsakiya, tantance hujja a can ƙasa. Na kai wa malamin takardar da hannuna. Ya duba sama-sama ya ce, "Malam, tushen duka ɗaya ne. Da nahawunka ya nuna da ka fahimci hujjojin. Ka biya zango na biyu." A makon ne wata abokiyar aiki ta nuna mini sanarwar GMAC, masu shirya jarrabawar, wadda ta fito tun watan Maris na 2023: sabon tsari na zuwa, kuma an cire gyaran jimla gaba ɗaya. Mutumin da wannan ce sana'arsa ba zai ce bai sani ba. Wata biyar yana karɓar kuɗina a kan sashen da ya san kwanakinsa ƙidayayyu ne, kuma wanda takarda ta nuna ba shi ne raunina ba. Ban koma ba, ban kuma yi masa magana ba. Wani lokaci ina ganin da na yi.

A Disamba na ɗauki hutu na tafi gida. Kefi, Akwanga, Hawan Kibo, na isa Jos hunturu ya kankama. Baffana tsohon alƙalin kotun yanki ne, ya yi ritaya shekaru da dama, Turancinsa na aikin gwamnati ne na da. Wata safiya muna shan shayi a zaure ya gan ni da takardu, ya ce, "Ɗana, wannan jarrabawa da ta hana ka sakewa, karanto mini ɗaya in ji." Na fassara masa wata irin wadda nake faɗuwa, na mayar da ita kasuwarmu don ya ji daɗin bi. Wani ɗan kasuwa a Wuse ya sa sola a shagonsa, a wata na gaba cinikinsa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, don haka ya ce solar ce ta jawo ƙarin, sauran 'yan layi ma su sa. Tambaya: wane zato ne maganarsa ta dogara a kai?

Ya ce in faɗi tawa amsar. Na ce wadda ke cewa wutar lantarki ba ta tsayawa kuma sola ta fi janareta sauƙi.

"Wa ya tambaye ka wannan?"

Na ce, "Baffa, ai gaskiya ce."

"Gaskiya ce, amma ba ita aka kawo gabanka ba. Mene ne da'awar mutumin?"

"Sola ce ta ƙara ciniki."

"Shaidarsa?"

"Ya sa, ciniki ya ƙaru."

"To me ya bari bai faɗa ba, yana jiran ka cika masa da kanka?"

Na yi shiru. Ya kurɓi shayi ya ce, "Wane wata ne? In watan azumi ne ana sayayyar Sallah fa? In maƙwabcinsa ne ya rufe shago fa? Yana so ka yarda babu abin da ya canza sai sola. Nemo amsar da ta faɗi haka." Tana nan, ita ce ta huɗu, wadda na wuce saboda ta yi mini kama da magana marar nauyi.

Sai ya ƙara wani abu da daga baya na tarar manyan littattafan shiri suna koyarwa da dogon suna. Ya ce a kotu, idan yana son sanin nauyin wani shaida, sai ya cire shi a zuciyarsa ya ga ko da'awar za ta tsaya da ƙafarta. In ta tsaya, shaidan nan ado ne. In ta rushe, shi ne ginshiƙi. Haka na riƙa yi wa kowace amsa: in juya ta, in ce ba haka ba ne, in duba ko hujjar ta faɗi. Ka ce sola ba ta fi janareta sauƙi ba, da'awar ɗan kasuwa tana nan. Ka ce akwai wani abin da ya canza a watan, ta tafi.

Kwana tara muka yi a haka, kullum bayan asuba. Ya kama ni da laifi iri biyu. Na farko, ina shigo da abin da na sani daga waje in ɗora a kan abin da aka ba ni, alhali alƙali da abin da ke gabansa yake hukunci. Na biyu, ina yi wa rubutacciyar magana ladabi. An raine mu a makaranta a kan haddacewa da mayarwa, abin da ke cikin littafi ba a neman ɓarakarsa, shi ya sa nake karanta hujja kamar darasi maimakon in karanta ta kamar ƙarar da aka shigar. Ya kuma ja kunnena a kan ƙananan kalmomi. Wanda ya ce "kullum" ko "duka" ko "ban taɓa ba" ya ɗauki kaya mai nauyi, misali ɗaya ya isa ya kayar da shi. Wanda ya ce "wasu" ko "wani lokaci" ya bar wa kansa ƙofa. Rabin tarkon jarrabawar a nan yake. Abin da na biya kuɗi a Wuse 2 ban samu ba, yana zaune a zauren gidanmu da Hausa, a bakin mutumin da malamin can zai kira "Malam" da waccan muryar.

Sabon tsarin ya fara a Nuwamba 2023, tsohon ya rufe a ƙarshen Janairu 2024, ni kuma na zaɓi sabon. Sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, Turanci 23, nazarin bayanai 20. Babu gyaran jimla, babu rubutun insha'i. Maki daga 205 zuwa 805, kuma ana iya komawa a canza amsa har uku a kowane sashe in lokaci ya rage. Na zauna a watan Maris na 2024, ba tare da wata cibiya ba, na samu 655. Masu bin abin sun san 645 na sabon tsari shi ake kwatantawa da 700 na tsoho.

Sauran abubuwan kaɗan ne. Ka yi atisaye da tambayoyin masu jarrabawar na asali, na bayan fage sau da yawa hujjarsu a karkace take. Ka riƙe littafin kurakurai, ka rubuta dalilin da ya sa amsar banza ta ja ka. Ka riƙa sa agogo tun daga mako na farko. Ka duba fasfonka bai ƙare ba, kuma sunan da ke ciki ya yi daidai da na rajista. Kada ka biya wa kowa sisi kafin ka yi gwajin kyauta da ke shafin mba.com ka ga inda kake da idonka. Duk malamin da ya faɗi rauninka kafin ya ga amsarka ko ɗaya, tashi ka fita, ko da ka riga ka biya.

Makon jiya wata ƙanwa a sashenmu, 'yar Gombe, ta same ni a bakin lif. Ta ce, "Yaya, na fara zuwa wata cibiya a Wuse 2, malamin ya ce Turancina ne matsala, sai na fara yin darasin nahawu na wata uku kafin a shiga ainihin shiri." Na tambaye ta ko ya gwada ta. Ta ce a'a, gabatar da kanta kawai ta yi. Na tambaye ta benen, ta kwatanta mini, shi ne. Na ce kada ta biya, ta yi gwajin kyauta ranar Juma'a da dare ta kawo mini sakamakon. Jirgina sai Laraba, don haka Asabar da ƙarfe goma za mu zauna, kuma na riga na gaya wa Baffa ya bar wayarsa a kunne.