Paxil, masu juna biyu da kotunan Amurka

Wallahi maganar Paxil tana taɓa min zuciya. Maganin ciwon damuwa ne na kamfanin GlaxoSmithKline, mata da yawa a Amurka sun yi ta sha suna da ciki, sai a Disambar 2005 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta fito ta ce yana iya jawo wa jariri matsalar zuciya, irin hujin nan a bangon zuciya, musamman in an sha a wata ukun farko. Nan fa iyaye suka garzaya kotu. A 2009 wata kotu a Philadelphia ta ce a biya iyalin wani yaro dala miliyan 2.5, yaron da tun yana jinjiri ake masa tiyatar zuciya, zuwa 2010 kuma rahotanni suka ce kamfanin ya amince ya biya sama da dala biliyan 1 don sasanta ƙararraki sama da 800.

Uwar nake tausaya wa, ga ciwonta ga zargin kai, alhali likita ne ya rubuta mata. Don Allah mai ciki kar ta yanke magani da kanta fa, ta fara ganin likita.

A shari'ar Zoloft kuwa, wani maganin ciwon damuwa na kamfanin Pfizer da shi ma aka zarga da yi wa jarirai lahani, Pfizer ce ta yi nasara, a 2016 alƙaliya ta kori ɗaruruwan ƙararraki saboda hujjar masana ba ta gamsar da ita ba.