Yadda Muke Sauya Ƙwan Fitilar Mota Daga Halojin Zuwa LED

A shagonmu na gyaran wayarin mota da ke Kano, aikin da ya fi kawo mana jama'a a 'yan shekarun nan shi ne sauya ƙwan fitilar gaba daga halojin zuwa LED. Yawancin masu zuwa direbobin doguwar hanya ne da 'yan kasuwar da dare ke riska tsakanin Kano da Zariya ko a hanyar Katsina, kuma kokensu ɗaya ne, wato fitilarsu ta yi ja, ba sa hango rami sai sun kusa faɗawa cikinsa. Suna da gaskiya. Ƙwan halojin mai lamba H7 wat 55 yake ja, haskensa kuwa wajen lumen 1,500 ne (lumen shi ne ma'aunin yawan haske) ko da sabo ne fil, domin mafi yawan wutar da yake sha zafi take zama. LED mai inganci yana jan kusan rabin wannan wuta, ya ba da haske fari tas, sannan ya fi halojin daɗewa nesa ba kusa ba.

Sai dai ƙwan fitila rabin aiki ne, kuma wannan ita ce maganar da nake fara yi wa duk wanda ya shigo. A cikin ƙwan halojin akwai wata siririyar waya naɗaɗɗiya da ke yin haske, kuma kamfanin motar ya ƙera madubin da ke cikin gidan fitila ne bisa ainihin inda wannan waya take zaune. LED kuwa 'yan ƙwayoyi ne masu ruwan ɗorawa da aka manna a fuskoki biyu na wani siririn ƙarfe. Idan ƙwayoyin ba su faɗa daidai gurbin wayar ba, ko ƙarfen ya yi kauri har ya raba su da juna, madubin zai watsa hasken sama da gefe, mai mota ya ga bango ya yi fari ya yi murna, alhali titin gabansa duhu ne kuma duk wanda ya tunkaro shi ya makance. Shi ya sa ko a Jamus, da aka fara halatta irin wannan sauyi a shekarar 2020 da ƙwan H7 na Osram, ba a yi wa kowace mota izini ba, sai waɗanda aka gwada gidan fitilarsu ɗaya bayan ɗaya.

Wannan darasi na koye shi tun kafin in taɓa ganin LED, a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa, lokacin da Peugeot 504 ke cika gareji. Ba ya yarda a sallami mota da aikin fitila da rana. Sai an idar da sallar Magariba zai sa a jawo motar gaban katangar bayan gareji, ya miƙo mini alli, ni in zana layi, shi kuma ya durƙusa da sukudireba yana murɗa sukurun saiti a hankali har hasken ya kwanta inda yake so. Idan ya aike ni kasuwar Ƙofar Ruwa sayen ƙwai, yana dubawa ko na taɓa gilashinsa da hannu, domin maiƙon yatsa yana sa halojin ya ƙone da wuri. Har yau da hankici nake kama ƙwan halojin, haka kuma yarana suke yi.

Idan mota ta zo, lambar ƙwanta muke fara tabbatarwa, ba ma dogaro da abin da mai ita ya ji a gari. Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2008 tana amfani da 9006 a dim (hasken kusa) da 9005 a ful (hasken nesa), Camry ta 2007 zuwa 2011 da H11 da 9005, Hilux ta wancan zamani kuwa H4 ce, wadda ta haɗa dim da ful a ƙwai ɗaya, kuma ita ce ta fi tona asirin LED marar kyau. Daga nan sai mu dubi murfin fitilar. Da yawa rana ta dafa su sun yi rawaya sun dushe, kuma sanya sabon ƙwai a bayan irin wannan murfi asarar kuɗi ce. Mukan goge shi da sanfefa da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi sosai, mu yi masa foli har ya koma garau, sannan mu fesa masa abin kariya daga rana, wanda idan aka tsallake shi murfin zai sake dushewa ba da daɗewa ba.

Wurin ɗaurawa, dole ƙwayoyin LED ɗin su kalli dama da hagu, ba sama da ƙasa ba. Zafin LED a gindinsa yake taruwa, inda ake sa masa 'yar fanka ko haƙarƙarin alminiyom, saboda haka sai an bar masa wurin shaƙar iska. Na sha karɓar motocin da wani ya jefar da murfin robar bayan fitila domin fankar ta ƙi shiga, ƙurar hunturu ta cika gidan fitilar, ruwan damina ya biyo baya ya ɓata madubin. Mu mukan nemo murfi mai zurfi da zai rufe komai. Motocin Jamus irin su Mercedes da Volkswagen suna da nasu halin, domin kwamfutarsu tana auna wutar da fitila ke ja, idan ta ga ta ragu sai ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta kunna gargaɗi a dashbod ko ta sa hasken ya riƙa ƙiftawa. Akwai 'yar na'urar da ake haɗawa a soket ta daidaita wannan, kuma ba ma yanke wayar mota ko guda ɗaya domin wannan aiki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabun kaya. Za ka ga kwali mai sheƙi an rubuta wat 200 da lumen dubbai barkatai, ka sa mita ka tarar ko wat 20 ba ya ja, fankarsa kuma tana ƙara tun ranar farko. Mutum zai zo ya ji farashina ya ce, "Haba Malam, ai a bakin titi an yi mini kuɗin da bai kai rabin wannan ba." Nakan ce masa, "Alhaji, araha ba ta ado," in ɗauko guda biyun in ɗora masa a tafin hannu ya ji bambancin nauyinsu, ya ga kaurin ƙarfen da ƙwayoyin ke kai. Wasu su gane, wasu su tafi su dawo bayan damina ɗaya da ido ɗaya a mace. Dillalai ma ba su bar mu ba, domin akwai wanda zai kawo maka kaya masu kyau karon farko, karo na biyu ya cuso maka wasu a cikin kwali iri ɗaya. Saboda haka duk ƙwan da ya shigo shagon nan sai na kunna shi a kan benci, na bar shi ya yi zafi, na ga ko haskensa zai ragu, kafin ya hau motar kowa.

Launi ma abin shawara ne. Matasa sun fi son fari mai shuɗi-shuɗi na 6500K (K ɗin ma'aunin launin haske ne), amma a cikin hazo da ruwan sama irin wannan haske yakan dawo wa direba a ido ya gajiyar da shi. Ga mai yawan tafiyar dare a watan Disamba da Janairu nakan ba da shawarar wanda ya ɗan karkata ga ɗorawa, kamar 4300K, fitilun hazo na ƙasa kuwa a bar su rawaya.

Saiti ne ƙarshen aiki, kuma ba na barin wa yara shi su kaɗai. Mukan tsayar da mota a wuri mai daidai, mita 10 daga katanga, tayoyi da iskarsu yadda ya kamata, mu auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa mu zana shi a bango, sannan mu saukar da bakin hasken dim kamar santimita 10 ƙasa da layin. Bayan haka ni da kaina nakan taka zuwa gaban motar in ranƙwafa daidai tsayin idon direban ƙaramar mota in duba. Idan gidan fitilar ya ƙi ba da layi mai kaifi duk da ƙwai mai kyau, nakan gaya wa mai motar gaskiya, mu mayar masa da halojin sabo mai inganci ko mu sauya gidan fitilar zuwa mai furojekta, wato mai kumburarren gilashi a ciki da ke tattara haske, domin ba zan saki motar da za ta kashe wa mai adaidaita sahu ko ɗan acaɓa ido a titi ba. Wanda aikinsa ya yi kyau kuwa mukan naɗe masa tsofaffin ƙwayayensa a kwali ya ajiye a mota saboda ɓacin rana, mu kuma roƙe shi ya dawo bayan hunturu a hure ƙurar fankar a sake duba saitin.